Kafin ka cike fom ɗin sikolashif, ka san abin da mai kuɗin yake so

Duk lokacin da aka buɗe neman tallafin karatu, saƙonni iri ɗaya ne ke cika akwatunan mutane: "Don Allah a turo mana link", "Wa ya san wanda zai cike mana", "Allah Ya sa muna da rabo". Addu'a tana da kyau, kuma ba ni da ja a kanta. Abin da ke damuna shi ne yadda yawancin masu neman ke ɗaukar sikolashif kamar wata sadaka da ake rabawa ga duk wanda ya fi nuna yana cikin matsi, ko kuma caca ce da sai mai sa'a. Wanda ya tafi da wannan tunanin zai cike fom ashirin ya rasa duka, ya dawo yana cewa sai da hanya.

Babu gwamnati ko gidauniya ko jami'ar da ke fitar da miliyoyi haka kawai. Kowace tana da abin da take nema, kuma galibi ta rubuta shi a fili a shafinta. Mutane ne ba sa karantawa.

Ɗauki Chevening, wadda gwamnatin Birtaniya ta fara a 1983. Digiri na biyu na shekara guda take biya, da kuɗin makaranta da na jirgi da na zama. Sharaɗinta na farko shi ne a ce ka yi aiki na aƙalla shekara biyu, wanda suka ƙiyasta da awa 2,800, sannan ka amince za ka koma ƙasarka ka zauna aƙalla shekara biyu bayan ka gama. Me wannan ke nuna maka? Birtaniya na neman mutanen da gobe za su riƙe muƙamai ko su yi tasiri a ƙasashensu, su zama suna da alaƙa da ita. Shi ya sa tambayoyin da ake ba ka ka rubuta a kai suka shafi jagoranci, da iya ƙulla hulɗa da mutane, da dalilin zaɓar kwas ɗin, da shirinka na aiki bayan karatu. To sai ka ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya cika shafi da labarin yadda aka sha wahalar biya masa kuɗin makaranta. Labarin gaskiya ne, abin tausayi ne, amma ba shi aka tambaya ba. Mai duba takardar yana neman inda ka taɓa jagorantar wani abu, ko da ƙarami ne, da abin da ya canza saboda kai.

Gidauniyar Mastercard kuwa, da shirinta da ya fara a 2012 don matasan Afirka, a wurinta halin rashin yana da nauyi. Tana neman mai hazaƙa wanda kuɗi ya tsaya masa a hanya, kuma wanda ya nuna yana hidima wa al'ummarsa. A nan labarin wahalar yana da gurbi, matuƙar ka haɗa shi da abin da ka yi duk da wahalar. Takarda ɗaya ba za ta yi aiki a wuraren biyu ba, amma kullum sai ka ga an kwafi rubutu ɗaya an canza suna a sama an tura ko'ina. Wani ma har ya manta bai canza sunan ba.

Haka abin yake a sauran. Fulbright ta Amurka, wadda aka kafa a 1946 da sunan Sanata William Fulbright, manufarta fahimtar juna tsakanin Amurkawa da sauran al'ummomi, kuma bizar da ake ba masu cin gajiyarta ta ƙunshi sharaɗin komawa gida na shekara biyu. Hukumar DAAD ta Jamus tana da wani shiri na kwasa-kwasan da suka shafi ci gaban ƙasashe masu tasowa, shi ma yana neman shekara biyu na aiki, kuma galibi ba a son digirinka na ƙarshe ya wuce shekara shida da kammalawa. Tallafin gwamnatin Turkiyya yana da iyakar shekaru: ƙasa da 21 ga digiri na farko, ƙasa da 30 ga na biyu, ƙasa da 35 ga digirin digirgir, kuma za ka shafe shekarar farko kana koyon Turkanci ko da kwas ɗinka da Turanci ake koyar da shi. Na Japan da ake kira MEXT hanya biyu ake bi, ko ta ofishin jakadanci ko ta jami'ar da za ta karɓe ka. Waɗannan duk a rubuce suke. Wanda ya haura 30 ya cike na Turkiyya don digiri na biyu, ba makirci aka yi masa ba, kwamfuta ce ta tace shi tun kafin ɗan Adam ya ga sunansa.

Akwai wani ruɗani da ya fi wannan haɗari, shi ne rashin bambance nau'in tallafin. Wani don hazaƙa ake bayarwa, wani don buƙata, wani albashi ne na aikin da za ka yi wa jami'a, wani kuma bashi ne da aka yi masa ado da suna mai daɗi. A Amurka, alal misali, jami'a za ta iya aiko maka da takarda mai ɗauke da jimillar "taimakon" da ta ware maka, amma in ka warware ta sai ka ga kashi ɗaya kyauta ne, kashi ɗaya lamuni ne da za a biya da ruwa, kashi ɗaya kuma kuɗin da sai ka yi aiki a harabar makaranta za ka same shi. Fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin Amurka, da ake ta magana a kai a intanet, na 'yan ƙasar ne da wasu rukunin mazauna, ɗalibin da ya zo daga waje ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya ta nan. Shi abin da ke gabansa kuɗin jami'ar ne kanta, kuma jami'o'i da yawa suna neman a cike fom ɗin CSS Profile, inda za a bayyana abin da iyaye ke samu da abin da suka mallaka. Jami'o'i kaɗan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, ke duba takardar ɗalibin waje ba tare da la'akari da ko zai iya biya ba, sannan su cike masa giɓin in sun ɗauke shi. Mafi yawan sauran suna duba aljihunka tare da sakamakonka.

A nan ne nake ganin an fi cutar da iyaye. Yaro ya samu wasiƙa an ce an yafe masa rabin kuɗin makaranta, gida ya ɗauki murna, 'yan uwa suka fara taya murna a Facebook. Babu wanda ya zauna ya lissafa sauran rabin, da haya, da abinci, da inshorar lafiya, da biza, da tikitin jirgi. A Birtaniya ɗalibin waje yana biyan harajin kiwon lafiya tare da biza, wanda tun 2024 ya kai fam 776 a kowace shekara. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, in ban da wurare irin jihar Baden-Württemberg da ke karɓar yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, amma kafin a ba ka biza sai ka nuna yadda za ka ci da kanka, kuma adadin da aka sa daga ƙarshen 2024 shi ne yuro 11,904 na shekara guda. Ka ga karatu kyauta, zama ba kyauta ba. Rabin tallafi ga wanda ba shi da hanyar cike sauran rabin hanya ce ta sayar da kadara a tafi, a zo shekara ta biyu a maƙale. Ni a ganina ƙin karɓar irin wannan ba abin kunya ba ne, a jira wata shekarar a nemi cikakke ya fi.

Masu neman digirin digirgir su kam suna da wata ƙofa da ba a cika faɗa musu ba. A jami'o'in Amurka da dama, musamman a fannin kimiyya da injiniya, sashen ne ke ɗaukar nauyin ɗalibi: a yafe masa kuɗin makaranta, a riƙa biyansa wata-wata, shi kuma ya taya koyarwa ko bincike. A wasu ƙasashen Turai ma matsayin ma'aikaci ake ɗaukarsa. Wannan ba ya buƙatar jiran wata sanarwa, karanta ayyukan farfesan da kake son aiki da shi yake buƙata, da rubuta masa wasiƙa da za ta nuna ka karanta ɗin.

Maganar wasiƙar shaida daga malami ita ma sai an tsaya a kanta. Mutane suna bin babban suna, a je a roƙi shugaban sashe ko wani mai muƙami da bai taɓa sanin ɗalibin ba, ya sa hannu a kan layi biyar da za su dace da kowa. Malamin da ya duba aikinka na kammala digiri, ya san inda ka yi ƙoƙari da inda ka yi gardama da shi, wasiƙarsa ta fi ƙarfi ko da ba farfesa ba ne. Kuma don Allah a daina zuwa wa malamai ana saura kwana biyu a rufe. Malam yana da aji, yana da iyali, ba kai kaɗai ne ɗalibinsa ba. Ka ba shi makonni, ka haɗa masa da bayanin shirin da abin da ka rubuta, ya san ta inda zai taimake ka.

Su kuwa masu cewa "kawo kuɗi in samo maka", magana ɗaya ce: Chevening da Fulbright da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai da na Turkiyya ba a sayar da gurbinsu, kuma wanda ya ce yana da mutum a ciki ƙarya yake yi. Akwai kuɗin da za ka kashe na halak, kamar fasfo, da jarrabawar Turanci irin IELTS ko TOEFL da sakamakonta ke aiki na shekara biyu kacal, da kuɗin neman gurbi a wasu jami'o'in. Ban ga laifin neman wanda ya riga ka ya duba maka rubutu ba. Amma ba wa wani ya rubuta maka tarihinka, ko ka sa manhaja ta zubo maka shi, matsalar za ta fito ranar ganawa, lokacin da za a tambaye ka kan aikin da ka ce ka jagoranta ka rasa ta cewa.

Sai kuma bayan an samu, wanda shi ne ɓangaren da ba a cika hira a kansa ba saboda kowa ya tafi murna. Takardar da ka sa wa hannu tana da sharuɗɗa. Da yawa ana sabunta su ne shekara-shekara, bisa sharaɗin makinka bai sauka ƙasa da wani mataki ba. Wasu ba sa yarda ka canza kwas ba da izini ba, wasu suna so ka sanar da su duk wani tallafin da ka samu daga wani wuri, kuma jami'a na iya rage nata in ta ga an ƙara maka daga waje. Wasu ba sa ɗaukar nauyin iyali, don haka mai mata da 'ya'ya ya yi wannan lissafin tun kafin ya nema. Batun komawa gida kuma, na san akwai masu ganin wauta ce mutum ya samu hanyar zama ya dawo. Kowa da uzurinsa, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka san tun farko ba ka da niyyar dawowa, akwai shirye-shiryen da ba su gindaya wannan sharaɗin ba, Erasmus Mundus na cikinsu, sai ka nufi can ka bar wa mai niyyar dawowa gurbinsa.

Mafi yawan manyan shirye-shiryen suna rufe karɓar takardu wata takwas zuwa shekara guda kafin a fara karatun. Wato mai son tafiya a watan Satumba na baɗi, yanzu ne ya kamata a ce fasfonsa na hannu, ya nemi takardar sakamakonsa daga jami'ar da ya gama tunda fitar da ita kan ɗauki lokaci, ya yi rajistar jarrabawar Turanci, ya kuma ware shirye-shirye uku ko huɗu da ya cika sharuɗɗansu da gaske ya karanta su daga farko har ƙarshe.