Takardar da Suka Adana, Mu Muka Naɗe Tsire da Ita

A makon jiya na shiga wani shago a birnin Los Anjeles wanda ba a sayar da komai a cikinsa sai tsofaffin takardun tallan fina-finai. Mai shagon, wani dattijo mai furfura, sai da ya sa farar safar hannu kafin ya zaro wata fosta daga faffaɗan aljihun tebur, ya shimfiɗa ta a hankali kamar mai buɗe littafin gado, har yanzu ana ganin sawun ninki a jikinta. Da ya ji daga Kano nake, sai ya tambaye ni inda ake ajiye fostocin gidajen sinimarmu. Murmushi kawai na yi, amma tambayar ta tsaya mini a rai.

Abin da na tarar shi ne, a Amurka tallan fim sana'a ce mai zaman kanta tun da daɗewa. Kamfanin National Screen Service ya fara aiki a 1920 da shirya ɗan guntun fim na talla, kuma daga wajajen 1940 manyan kamfanonin Hollywood suka damƙa masa rarraba takardun talla ga gidajen sinima. A wancan lokacin babbar fosta tana da inci 27 a faɗi da 41 a tsawo, ana ninke ta a aika. Akwai kuma katuna takwas-takwas masu inci 11 da 14 da ake jerawa a zauren shiga, sannan da littafin da ke nuna wa mai sinima yadda zai tallata fim a garinsa, har da labaran da aka riga aka rubuta domin ya kai wa jarida. A ƙasan takardar akwai lamba da gargaɗin cewa ta kamfani ce, idan an gama a mayar ko a lalata.

Wannan gargaɗi ya ɗan sanyaya mini zuciya, domin ya nuna cewa su ma ba don ƙaunar tarihi suka fara ba, kayan haya ne, kuma da yawa sun salwanta. To amma gaskiya ɗaya ce, wanda ya sa wa takarda lamba ya fi wanda ya bar ta ga rana da gara. A 2017 an sayar da fostar fim ɗin Dracula na 1931 a kan dala 525,800, mu kuwa da aka buɗe mana gidan sinimar Rex a Kano tun 1937, aka yi Plaza da Orion da El Dorado, tamu takan ƙare ne a hannun mai tsire ko a bangon shagon aski.

Duk da haka ban yarda cewa ba mu daraja ta ba. Ina tuna yadda muke tsayawa da la'asar a ƙofar Plaza, ba mu da kuɗin tikiti, muna duban hoton fim ɗin Indiya, kowa yana ƙirƙirar labarin daga fuskar jarumi da ta mugu, har mu yi musu a kan wanda zai mutu. Sau da yawa ba mu taɓa ganin fim ɗin ba. Dattijon ya nuna mini wata fostar Indiya da ya ce zai yi mini ragi, na daɗe ina jujjuya kuɗin zuwa naira a raina, daga ƙarshe na roƙe shi ya bar ni in ɗauki hotonta da waya, na tura wa yayana a Fagge.