Buhu biyu ba shida

Masu ta kirana a waya suna tambayar dalilin da yaran layinmu ke ce mini "buhu biyu ba shida", ga shi na rubuta sau ɗaya, don Allah kada a sake tambayata.

Kun dai san sitonmu na bayan gidan burodi. Tun da damina ta ɗauke ɓeraye suka sa mu a gaba, kowane sati sai mun tarar da buhun fulawa uku ko huɗu a huje. Buhun da ɓera ya shiga kuwa ba a tankaɗe shi a ce an gyara, don ba ci kaɗai yake yi ba, fitsari da kashi yake bari, kuma ta nan zazzaɓin Lassa ke kama mutane. Shinkafar ɓera ba ta shiga wurin abinci. Kyanwa kuma Alhaji, mai gidan burodin da nake wa manaja, ya hana tun abin nan da ya faru a kwaɓin daren sallah. Sai na tara yaran layi na ce duk wanda ya kawo mataccen ɓera, babba naira 100, ƙarami 50. Har littafi na buɗe, na ja layi uku: rana, adadi, kuɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san labarin Hanoi. Ba a majalisa na ji shi ba, a aji aka koya mana, ya fito a jarrabawa, na ci. A 1902 Faransawa na mulkin Biyetnam, gwamnansu Paul Doumer ya riga ya sa an gina magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Turawa, ɓeraye suka samu titi mai inuwa har cikin gidajen manya, ga tsoron annoba. Aka ɗauki mafarauta, har akwai ranar da aka kashe sama da 20,000, ba su ragu ba. Sai hukuma ta sa lada a kan kowace wutsiya. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa, kafin a fara ganin ɓeraye guntaye suna yawo a gari: a kama, a yanke wutsiya, a sake shi ya je ya hayayyafa. A bayan gari ma aka tarar da masu kiwonsu. Ni da wayona sai na ce ai kuskuren Faransawa wutsiya suka karɓa, ni gawa sukutum zan karɓa, a gabana a jefa a rami. Na ɗauka na toshe ƙofa.

Ranar farko shida aka kawo. Rana ta uku sha bakwai. A sati na uku wata rana har talatin. Ina ta murna ina nuna wa Alhaji littafi. Buhunan da ake hujewa kuwa daga huɗu suka koma shida, na ce ai ragowar ne suke fushi.

A nan mai shayin tsallaken titi ya shigo, kuma sai na yi maganarsa. Mutumin nan burodi 14 nake binsa tun azumin bara. Kullum in na tuna masa sai ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Manaja, ni da kai?" Shi ne ya naɗa kansa lauyan yara ba wanda ya ɗauke shi. Ranar da wani ya kawo jaɓa na ce ba zan biya ba, jaɓa ba ɓera ba ce, ƙwari take ci, dubi tsinin bakinta, ko warinta ya ishe ka shaida, sai ga shi ya tsallako da ludayi a hannu wai a shari'ance duk abin da ke da wutsiya yana gudu a gindin bango ɓera ne. Na ce to ƙadangare fa? Ya ce wannan mas'ala ce daban. Da aka kawo gafiya shi ya yanke mata 300, wai namanta kaɗai ya kai ɓera biyar. Muka yi ciniki kamar a Kasuwar Kurmi, muka tsaya a 250. Duk wannan yana yi da burodina a kan teburinsa, yana yanka wa mutane yana shafa bota.

To ranar Laraba ta sati na biyar Alhaji ya zo da wata Hajiya mai makarantar kwana, tana son a riƙa kai mata burodi 200 kullum. Na sa farar shaddata, na sa an wanke ko'ina tun asuba. Na zaga da su wurin injin kwaɓi, na nuna tanda, na nuna inda ake shan iska kafin a sa a leda, don in aka ƙulle shi da zafi gumi yake yi ya yi fumfuna a kwana biyu. Muka tsaya a ƙofar sito, kusa da babban ma'aunin da muke auna fulawa. Ina tuna kalmomin da na faɗa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ranki ya daɗe, nan wurin ko ƙuda sai ya nemi izini."

Ban rufe baki ba na ji sallama. Yaron nan mai jar hula ne, da bokitin fenti a ka, an rufe da kwali. Na yi masa ido. Na yi masa hannu. Na yi tari. Ya ɗauka cewa nake ya matso. Ya sauke bokitin a tsakanina da Hajiya, ya durƙusa ya gaishe su da ladabi, don yaron yana da tarbiyya, wannan ba zan hana shi ba, sannan ya ce, "Manaja, na yau arba'in da uku ne. Biyu ba su ƙarasa ba, ka ba ni aron taɓarya."

Hajiya ta ce, "Arba'in da uku me?"

Ya ɗage kwalin.

Ɗaya daga cikin biyun da ba su ƙarasa ba, ashe ko farawa bai yi ba. Ya yi tsalle ya dira a kan takalmin Hajiya, ya tsaya ya dube ta, ta dube shi. Ita ko motsi ba ta yi ba, mace mai riƙe da ɗaruruwan yara ɓera ba ya ba ta tsoro. Ya juyo kaina. Ban san lokacin da na bar ƙasa ba. Na dai tsinci kaina a kan ma'auni, na tattare shadda har gwiwa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙofa, kuma an ce na yi ƙara. Ni ban ji ba, amma mutum biyar sun shaida, har da Baba maigadi da ba ya ƙarya. Ɓeran ya bi ta ƙarƙashin ma'aunin ya shige sito kamar mai komawa gida daga balaguro.

Wurin ya yi tsit. A cikin shirun nan ma'auni ya yi ƙyaf-ƙyaf, jajayen lambobi suka tsaya: 94. Mai shayi, wanda Allah kaɗai ya san yaushe ya tsallako, ya leƙa ta kafaɗar Alhaji ya karanta da ƙarfi, ya ɗan yi lissafi da yatsu, ya ce, "Buhu biyu ba shida." Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Alhaji bai yi dariya ba. Gara a ce ya yi. Ni kuma na kasa sauka, don ban san ina ɗan'uwan nasa na biyu yake ba, sai na ci gaba da bayanin farashi daga kan ma'auni, har da ragin da za mu yi mata in ta biya na wata guda.

Da yamma Baba maigadi ya kai ni bayan garejin makanikai. Wani mataccen firji ne a kwance, an huda murfinsa da ƙusa don iska. Ciki ƙananan ɓeraye ne fal, ana kamo su daga kwatar kasuwa da bola. Na tambayi mai jar hula dalili, ya dube ni kamar ni ne yaron, ya ce, "Ai kai ka ce ƙarami hamsin. In ya yi sati uku ya zama ɗari." Abincinsu kuwa ƙonannen burodin da nake ba su sadaka kowace yamma. Ragowar suna barbaɗawa a bakin kwatarmu da daddare don na unguwa su taru wuri ɗaya a ji daɗin kamu, abin da ya sa huɗu ta koma shida ke nan. Cikin sito kuma ba yaron da ya taɓa shiga, ni da kaina na hana saboda tsabta. Wato ɓerayen da ke cin fulawarmu ko ɗaya ba a taɓa ba. Ɓera kuwa cikinta sati uku ne, ta haifi shida zuwa goma, to ku lissafa.

Littafi ya nuna manya 290, ƙanana 118, gafiya huɗu, naira 35,900. Alhaji ya duba ya rufe, ya ce, "Malam, gawa na ɗauke ka ka ƙirga ko buhu?" Charles Goodhart, masanin tattalin arziki na Ingila, tun 1975 ya lura cewa da zarar an ɗauki ma'auni an ce a kansa za a yi hukunci, ya daina faɗin gaskiya. Shi ma ya fito a waccan jarrabawar. Alhaji bai taɓa jin sunansa ba.

Na soke ladar nan take, wanda shi ne kuskure na biyu. Kamata ya yi in saye na firjin kaf tukuna. Da yara suka ga jarinsu ya karye sai suka kifar da firjin suka tafi ƙwallo.

Aikin da ya yi magani kwana biyu ya ci. Birkila ya toshe ramuka tara da siminti da aka cakuɗa da fasasshiyar kwalba, don ramin da babban yatsa ya shiga ɓera ma zai shiga. Aka buga langa-langa a ƙasan ƙofa, aka sa ragar ƙarfe a bakin kwata da taga. Buhuna suka hau katako, da tazarar rabin mita daga bango yadda mutum zai zaga da tocila. Tarko goma sha biyu muka jera a jikin bango, tunda nan yake bi, da ƙuli-ƙuli, kuma kwana uku ba a ɗana ba, don ɓera yana tsargin sabon abu, sai ya saba ci lafiya sannan a ɗana duka dare ɗaya. Yanzu buhun da aka huje nake rubutawa a littafin.

Hajiya ta ce za ta kira. Mai shayi bashinsa ya zama 16, don ranar ma ya ɗauki biyu a cikin hayaniyar. Kuma ma'aunin nan yana ƙara kilo biyu, na faɗa musu tun a lokacin, ba wanda ya saurare ni.