Cakulan ba kalaci ba ce, ƙannena

Ƙannena na nan Birnin Kebbi, musamman ku 'yan makaranta, ku ba ni aron hankalinku.

Shekaranjiya ina zaune a teburin mai shayi kusa da tasha, wani saurayi ya ce a haɗa masa mai kauri. Ina kallo aka zuba garin cakulan cokali uku, aka tsiyaya madarar gwangwani, aka ƙara sukari cokali biyu, alhali garin da sukarinsa ya zo. Ya kora da rabin burodi. Sai ya zaro cakulan daga aljihu, rana ta riga ta narkar da ita, ya lashe har takardar. Na ce masa, "Ƙanena, abincin fa?" Ya ce ai shi ke nan sai la'asar.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da jiki ke samu daga abinci a yini. Ga babba kusan giram 50 ke nan, ƙaramin cokali 12, in an rage zuwa 6 ya fi. Da wuya in yaron nan bai cinye rabonsa ba tun hantsi.

Ban ce ku daina sha ba, ni ma ina so. Amma ku san abin da kuke saye. Asalin cakulan 'ya'yan itacen koko ne, ba kokonmu na gero da ƙosai ba. Ana noma shi a Ondo da Osun da Kuros Riba, Kwaddibuwa da Gana kuwa su ke samar da fiye da rabin na duniya. Ɗaci gare shi, kuma garin nan mai ɗaci shi ke ɗauke da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, da magnesiyam. Cakulan mai madarar da ta cika shagunanmu kusan rabinta sukari ne. Farar ma babu garin koko a cikinta ko kaɗan, mansa ne kawai da madara da sukari. Ku riƙa juya bayan takardar, abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi shi ya fi yawa. In kuna da hali ku nemi baƙa mai koko kashi 70, ku ɓalli ɗan gutsure bayan an ci abinci.

Ni dai abin da ya fi min, na sayi garin koko zalla marar sukari. In an dama kunun gyada a gida sai a kaɗa cokali guda a ciki, a jiƙa dabino uku a marmasa maimakon sukari, a barbaɗa soyayyen riɗi. Wani lokaci da kunun aya muke yi. Ranar farko ƙanwata ta yatsine fuska wai magani ne, yanzu ita ke kankare tukunya. Gyada da riɗin nan masu gina jiki ne, suna kuma riƙe ciki, ga su a kasuwa ba sai an yo odarsu ba.

Duk da haka kunu ne, bai hana ku zama gaban tuwon shinkafa da miyar kuka da kifin Yawuri, ko kwaɗon zogale. Kuma duk wanda ya sha zaƙi da dare ya yi asuwaki kafin ya kwanta, don na raka ƙanina cire haƙori bara, ban ji da daɗi ba balle shi.