Zuciyar da ta gaza: ba ruwa kaɗai ke damunta ba, makamashi ne ya yi mata ƙaranci

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Yauri, idan ƙafafun mutum suka kumbura kuma kwanciya rigingine ta gagare shi saboda sarƙewar numfashi, maganin da kowa ya sani shi ne Lasix. A sha, a yi ta fitsari, kumburi ya sace, a ce Alhamdulillahi an samu sauƙi, a ajiye magani. A ganina wannan fahimta ce ke mayar da mutane gadon asibiti bayan 'yan watanni, domin ruwan alama ce kawai. Ainihin ciwon yana cikin naman zuciyar.

Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a yini. Kowane bugu yana cin wani sinadarin makamashi da ake kira ATP, kuma zuciyar baligi, wadda nauyinta ke kusan giram 300, tana sarrafa kimanin kilo 6 nasa kullum. Ba ta da rumbu: abin da ta ajiye ba zai riƙe ta fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba, dole ta riƙa ƙera sabo ba tsayawa. Shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙwayar namanta mitokondiriya ne, ƙananan ma'aikatun da ke ƙona abinci da iskar oksijin. Lafiyayyar zuciya tana samun kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari na ƙarfinta daga kitse, saura daga sukari da makamantansa.

Hawan jini da aka yi shekaru ba a kula da shi ba yana tilasta mata tura jini da ƙarfi, sai bangonta ya yi kauri. Kaurin nan ba ƙarfi ba ne. Nama ya ƙaru, amma ƙananan jijiyoyin da ke kai masa jini ba su ƙaru daidai da shi ba. Sai zuciyar ta rage ƙona kitse ta karkata ga sukari, wanda ke buƙatar oksijin kaɗan, amma bai cike gurbin ba. Ɗan tanadin da take dogara da shi lokacin aiki mai nauyi shi ke fara ƙarewa. Dalilin da ya sa mutum yana zaune lafiya lau, amma tafiya masallaci sai haki. Kuma saki ma yana cin makamashi, ba matsewa kaɗai ba. Zuciyar da ta kasa saki sosai ba ta cika da jini yadda ya kamata, sai ya koma baya ya taru a huhu.

Jiki kuwa sai ya ƙara mata bulala, bugu ya yi sauri. Kamar injin ban-ruwa ne a fadama da mai ya yi masa ƙaranci, mai gona ya ƙara murɗa shi. Naman zuciya yana samun mafi yawan jininsa ne a ɗan hutun da ke tsakanin bugu da bugu, saurin kuma hutun yake gutsurewa.

Don haka magungunan da ke tsawaita rai su ne masu rage mata kaya. Bisoprolol ko carvedilol suna rage saurin bugu. Ana fara su da ƙaramin ma'auni bayan an janye ruwa, a riƙa ƙarawa kamar duk mako biyu. Makonnin farko sukan zo da kasala, nan ne da yawa ke cewa maganin yana kashe jiki su daina, alhali daina shi kwatsam haɗari ne. Lisinopril da spironolactone suna rage nauyin da take turawa, amma sai da gwajin ƙoda da na sinadarin fotasiyam. Dapagliflozin ma ya tabbatar da amfaninsa ko ga wanda ba shi da ciwon sukari, sai dai tsada.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne sinadarin ƙarfe na jini. Mitokondiriya ba sa aiki sai da shi, kuma kusan rabin masu gazawar zuciya suna da ƙarancinsa. Ga mace mai jego da ta zubar da jini wajen haihuwa, a yankin da ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa kamar Arewa maso Yamma, awon wannan ba abin sakaci ba ne. Ta jijiya ake ba da sinadarin ƙarfen ya yi tasiri. Ƙwayar sha ba ta cika yin aiki ga irin waɗannan marasa lafiya ba. Daɗewa ana shan Lasix kuma yana iya fitar da bitamin B1, wanda zuciya ke buƙata wajen ƙona sukari.

Sai abin da ke hannun iyali: gishiri kada ya kai giram 5 a yini, a lissafa har da dunƙulen miya da kanwa. A guji diclofenac da ibuprofen na kemis, suna riƙe gishiri da ruwa. Tsarin inshorar lafiya na jiha kuma ya kamata ya tabbatar waɗannan magunguna da na'urar awon jini sun kai ƙananan asibitocin Zuru, Jega da Kamba, ba Lasix kaɗai ba.