Bilenda Ba Kofi: Kyauta Ce Ko Sauke Wa Kai Kaya?

Da wuya a shiga gida a Abuja ba a tarar da wani kwali a sito ko a saman kabad ɗin kicin ba, cike da kayan da ba su mutu ba kuma ba sa moruwa: bilenda da kofinta ya fashe, tukunyar shinkafa ta lantarki da kwanon cikinta ya ɓace wajen tashi daga wani gida zuwa wani, butar lantarki da babu gindin da ake ɗora ta a kai, tukunyar firesha da robar murfinta ta tsinke. Yawancinsu cikin kayan ɗaki ko gudummawar biki suka zo, shi ya sa uwargida ke jin nauyin zubar da su. Ranar da aka gaji da ganinsu kuwa, sai a kira mai aiki a ce mata, "Baba, ga wannan ki tafi da shi gida."

A ganina, sau da yawa wannan ba kyauta ba ce, hanya ce ta raba kai da tarkace ba tare da jin an yi almubazzaranci ba.

A duba abin da ke biyo baya. Baiwar Allah ba za ta iya cewa ba ta so ba, saboda kunya da kuma gudun a ce ta raina. Za ta rungumi kwalin cikin motar haya har Mararraba ko Nyanya, sannan wata rana ta shiga kasuwar Wuse neman kofi, inda za ta gano abin da mai bayarwa ta riga ta sani, wato kofin bilenda ba ya hawa kan kowace bilenda, domin haƙoran da ke juya wuƙar sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har ma tsakanin samfuri biyu na kamfani ɗaya. In ta dace ta samu, kuɗinsa da kuɗin mota na iya kusantar na sabuwar ƙarama. Butar lantarki kuwa tana jan wuta kusan wat 2,000, wanda ƙaramin janareta ba ya ɗauka. Mafi muni su ne kayan da 'yan uwa ke kawowa tsaraba daga Amurka, waɗanda aka yi su don wuta mai ƙarfin 120, alhali tamu 230 ce. Idan aka bayar da irinsu ba tare da tiransifomarsu ba, jonawar farko ita ce ta ƙarshe.

Na san za a ce da babu gara ba daɗi. Wannan magana ta dace da tufafi ko kwanuka, waɗanda ko sun tsufa suna aiki, amma ba ta dace da injin da rashin abu ɗaya ke hana shi motsi gaba ɗaya ba. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta yi hani da zaɓar mummuna don ciyarwa, irin wanda mutum ba zai karɓa ba sai ya runtse ido.

Ba ina cewa a zubar da komai ba ne. Idan abin da ya ɓace ƙarami ne kuma ana samunsa, kamar robar murfi ko waya ko farantin gilashin maikurowef, to mai bayarwa ya kamata ya saya, ya gwada ya ga yana aiki, sannan ya miƙa shi cikakke. Idan ba zai iya ba, ya faɗi aibin ƙarara, ya kuma bar wa mutum ƙofar cewa a'a.

Sauran kuwa suna da mai son su da gaske, wato mai gyara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai gyaran kayan lantarki ya ga yadda ake jibge gindin bilenda a ƙarƙashin tebur, ana cire mota, wato injin da ke juya wuƙar, daga wannan, makunni daga wancan, har matattu uku su tayar da guda ɗaya. Abin da shi ma ya gagare shi yana da daraja a panteka, irin ta Apo ko Dei-Dei, inda ake awon tagullar cikin irin wannan injin da alminiyam da kilo. Tun da hukumomin Abuja suka hana 'yan baban bola yawo cikin gari a watan Janairun 2025, kai kayan da kanka shi ne hanya mafi tsabta. Hakan ya fi jefa su a shara su ƙare a jujin Gosa, domin a irin waɗannan wurare sau da yawa ƙona waya ake yi don fitar da tagulla, hayaƙin robar kuma talakawan da ke kusa ne ke shaƙarsa.

Akwai kuma kayan da bai kamata su shiga gidan kowa ba, ko da an roƙa. Tukunyar firesha da abin da ke sakin tururinta ya toshe ko ya lalace tana iya fashewa a fuskar mai girki. Kukar gas mai yoyo ba sai an yi dogon bayani a kanta ba. Maikurowef da ƙofarsa ba ta rufuwa daidai ma haka, ga shi a cikinsa akwai wani ɓangare da ke riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket, don haka ba abin da yara za su kwance da sukundireba ba ne. Kafin a miƙa irin waɗannan ga 'yan panteka, a datse wayar tun daga tushe, a cire murfin tukunyar a bayar daban, domin kada wani ya goge su ya mayar kasuwa da sunan gwanjo.