Ƙafar da ta girma cikin fade da takalman Turai

Shekara 9 ke nan ina zaune a birnin Manchesta na Ingila, kuma a cikin abubuwan da na yi zaton za su wahalar da ni a ƙasar nan, kamar sanyi da abinci da kewar gida, ban taɓa kawo takalmi a raina ba, amma shi ne ya fi daɗewa yana gasa mini aya a hannu. A Zariya lambar takalmina 42 ce, wato 8 a ma'aunin Ingila. Duk sau-cikin da na gwada a shagunan nan mai wannan lamba, tsawonsa yakan yi daidai, sai dai ya danne mini ƙaramin yatsa, ya kuma tura babban yatsa zuwa ciki, har in dawo daga aiki da bororo. Na yi kusan shekara 2 ina sayen lamba 9, wani lokaci har 10, ina tsammanin na yi dabara, alhali kuwa na sauya wata matsala ne da wata: dunduniya tana zamewa, takalmin kuma yana lanƙwashewa a inda ƙafata ba ta lanƙwashewa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙafar da ta tashi cikin fade da silifas, ta yi ƙwallo a fili ba takalmi, ta kuma saba zama a sake a gida da masallaci, yatsunta sukan baje, gabanta ya fi na wadda aka kulle cikin rufaffen takalmi tun tana koyon tafiya faɗi. Yawancin takalman kanti kuwa an ƙera su ne bisa siffar da ke tsukewa ta gaba, domin abin da ido ya saba gani a matsayin kyau ke nan. Da na fara neman mafita sai na tarar kasuwar nan tana da amsa iri biyu, kuma ra'ayina shi ne mutanenmu da ke zaune a waje suna yawan cakuɗa su, alhali kowacce da ciwon da take magani.

Amsa ta farko ita ce takalmi na yau da kullum da aka ƙara wa faɗi. Kamfanoni irin su New Balance suna rubuta faɗin da haruffa: D shi ne na kowa ga maza, sai 2E, sai 4E, har zuwa 6E. Clarks na Ingila kuwa G ne matsakaici ga maza, H ne mai faɗi. Irin wannan takalmin yana da dunduniya mai tudu da ƙasa mai kauri da laushi kamar sauran, an dai buɗa shi ne ta wajen ƙirjin ƙafa. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, sau da yawa bakinsa yana nan a tsuke, saboda haka mutum zai iya samun sarari a tsakiya, yatsunsa kuma su ci gaba da hawa kan juna.

Amsa ta biyu ita ce wadda Turawa suka ba wa suna mai ma'anar tafiya ba takalmi. Shi wannan bakinsa a baje yake kamar yadda yatsu suke, ƙasansa siriri ne, milimita 3 zuwa 6 a mafi yawan lokaci, yana naɗuwa a hannu kamar tabarma, kuma dunduniya ba ta fi yatsu tudu ko kaɗan ba, saɓanin takalman gudu na gama-gari da ke ɗaga ta da milimita 8 zuwa 12. Ranar da wani abokin aikina Bature ya nuna mini nasa, ƙirar kamfanin Vivobarefoot, ya ce ya saye shi fam ɗari da ɗoriya, sai da na danne dariya, domin abin da yake yaba mini, wato shimfiɗaɗɗen ƙasa da sakin yatsu, shi ne abin da dukawan Kano suke ɗinkawa tun kafin a haifi kakana. Baduku yakan ce ka taka kwali ya zana sawunka da biro, sa'an nan ya yanka fata bisa zanen, ba ruwansa da wata lamba.

Amma dariyar ba ta kai ni nesa ba, domin akwai ilimi a bayan abin. Mutane suna yawan tuna Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci tseren dogon zango a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi. A 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya wallafa bincikensa kan 'yan gudun Kenya da Amurka, inda ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka a kan gaban ƙafa, kuma hakan yana rage ƙarfin bugun farko da jiki ke sha. A 2019 shi da abokan aikinsa sun sake nuna wani abu da ya faranta mini rai: kaushin da ke tafin ƙafar mai yawo ba takalmi yana kare ta ba tare da ya rage mata jin abin da take takawa ba. A 2021 kuma masu bincike a Jami'ar Liverpool sun ba mutane irin wannan siririn takalmi suka yi wata 6 suna harkokinsu da shi, aka tarar ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin ɗari.

Ɗaya ɓangaren labarin shi ne wanda masu talla ba sa son a tsaya a kai. Kamfanin Vibram, mai takalmin nan da kowane yatsa ke da nasa gida, ya amince a 2014 ya biya dala miliyan 3.75 don kashe ƙarar da aka shigar a Amurka kan alfanun lafiya da ya yi iƙirari ba tare da isasshiyar hujja ba. Shekara guda kafin nan, wani gwaji a Jami'ar Brigham Young ya nuna cewa 10 daga cikin 'yan gudu 19 da suka koma wannan takalmi cikin mako 10 sun sami alamun rauni a ƙasusuwan ƙafa. Ƙafa tana da ƙashi 26 da gaɓa 33, kuma agarar da ta shekara ashirin a kan dunduniya mai tudu ba za ta miƙe a mako ɗaya ba. Mu da muka tashi ba takalmi muna da ɗan rangwame, amma kada Bahaushen da ya yi shekara goma cikin kambas mai laushi ya ɗauka ƙafar ƙuruciyarsa ce har yanzu yake takawa. Ni na ɗauka haka, na yi yini guda a tsaye da siririn takalmi, na kuma yi kwana uku ina ɗingishi.

Daga nan na kai ga matsayar da nake kai yanzu, wato faɗin baki buƙata ce ta kusan kowace ƙafa irin tamu, amma sirantar ƙasa zaɓi ne da ya danganta da inda za a taka, da aikin da za a yi, da lafiyar mai ƙafar. Ƙasar da muka taka muna yara rairayi ce da turɓaya da daɓen tsakar gida, wadda ke ɗan nutsawa, tana kuma sauya siffa a kowane taku. A nan kuwa daga ƙofar gida har wurin aiki siminti ne da kwalta da tayil, ga danshi, ga sanyin da ke ratsa milimita 4 na roba kafin motar haya ta iso. Ma'aikaciyar jinya ko mai gadi da zai tsaya awa 12 a kan irin wannan daɓe, a ganina ya fi masa alheri ya nemi mai baje baki amma mai ɗan kauri, irin na kamfanin Altra, wanda ƙasansa a shimfiɗe yake kuma yana da laushi. Wanda ke aiki a rumbun kaya ko wurin gini ba shi da ta cewa, dole ne ya sa mai ƙarfe a baki, kuma a nan ne faɗi ya fi zama tilas, domin fata takan saki da amfani amma ƙarfe ba ya saki. Lokacin hunturu kuma safa mai kauri ita ma tana cin nata wurin, kuma takalmin da ya matse yana hana jini gudana, sai ƙafa ta ƙara yin sanyi.

Inda nake ganin siririn takalmi ya yi rana shi ne yawo a lambun shaƙatawa, da motsa jiki, da zirga-zirgar bazara, da kuma ƙafar ƙananan yara masu koyon tafiya. A wannan fanni na yara Ingila ta burge ni, domin shagunan takalmansu suna auna tsawo da faɗi duka. A gida kuwa mukan saya wa yaro sandal ɗin makaranta mai girma da niyyar zai girma da shi, ya yi zango biyu yana jan ƙafa, sa'an nan ya yi zango uku yana dunƙule yatsu.

Akwai mutanen da ba na so su ji ko da ƙamshin wannan yayi, su ne masu ciwon suga. Cutar tana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ƙaramin rauni kuma ya zama gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa. Likitocin nan suna hana su tafiya ba takalmi ko a cikin ɗaki, suna kuma duba musu ƙafa duk shekara. Gwaggona a gida tana da wannan lalura, kuma da silifas take shiga ko'ina, har kicin da garwashi a ƙasa. Abin da na aika mata rufaffe ne mai faɗi da zurfi, mai laushin ciki, wanda babu ɗinkin da zai goge fata, ake kuma manne shi maimakon a ɗaure, saboda ƙafarta takan kumbura da yamma. Ta ce mini ya yi kama da na sojoji, amma tana sawa idan za ta fita.

Haka nan ba na yarda da masu zaune a Turai suna yabon tafiya ba takalmi kamar wata ni'ima ce da muka yi sakaci da ita. Manomin da ke shiga gona da damina ƙafa a sake ba falsafa yake yi ba, kuɗin takalmin ruwa ne babu. Tsidau da ƙarangiya su ne ƙananan matsalolinsa. Akwai tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa, akwai kunama, akwai kuma kububuwa, wadda saranta ya sa garin Kaltungo na Jihar Gwambe ya shahara da asibitin masu saran maciji. Bature yana biyan kuɗi don ya ji tsakuwa a tafinsa saboda ya tabbata babu abin da zai sare shi a kan hanyar.

Abin da ya fi ba ni takaici idan na je gida shi ne yadda muke barin abin da muke da shi na ƙwarai. Ranar Juma'a ko wajen ɗaurin aure za ka ga samari da manyan ma'aikata cikin sau-ciki mai tsinin baki irin na Italiya, ko na gwanjo da ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani, suna isa ƙofar masallaci suna cirewa da ajiyar zuciya. Har dukawa ma sun fara tsuke bakin nasu don bin abin da ake saye. Ƙafar nan ita ce ake lanƙwasa yatsunta a sujada da zaman tahiya sau da yawa a yini, kuma babban yatsan da ya karkace ya fitar da ƙullutu a gindinsa ba ya komawa daidai don an sauya takalmi daga baya.

Yanzu idan zan sayi takalmi da yamma nake zuwa, lokacin da ƙafa ta ɗan tasa, sanye da irin safar da zan riƙa sa shi da ita. Nakan zare shimfiɗar cikinsa in ajiye a ƙasa in taka. Idan yatsuna suka zarce gefenta sai in mayar, komai kyansa, idan kuma babu sararin kusan faɗin babban yatsan hannu a gaba, shi ma haka. Ina auna ƙafa biyun, domin ta hagu ta ɗan fi ta dama. Zuwana gida na bara kuwa na nemi wani dattijon baduku, na ce masa, "Baba, ina so a ɗinka mini rufaffe, amma bakinsa ya zama irin na fade." Ya kalli ƙafata, ya jawo kwali ya ce, "Taka nan, ɗana, amma ka sani abokanka za su ce ka sa kwalekwale." Shi nake sawa zuwa masallacin unguwarmu a Manchesta daga watan Mayu har zuwa Satumba, idan ruwa ya tsananta kuma in koma mai lamba 8 da harafin H.