Baban nan ba sammu aka yi masa ba, jijiyoyin kansa ne suka toshe

Wai har yanzu akwai masu turo mini bidiyon dattijon nan da aka tsinta a bakin tasha ya manta hanyar gidansa, har da 'yar alamar dariya a ƙasa. Sannunku da aiki. Rabin masu sharhi sun riga sun yanke hukuncin sammu ne, sauran sun ce gigin tsufa ne, a kulle shi a ɗaki. Wani bawan Allah har lambar mai ruƙiya ya ajiye. Amma abin da ɗansa ya faɗa da bakinsa a ƙarshen bidiyon, cewa Baba ya daɗe da hawan jini kuma ya ajiye magani tun da ya ji sauƙi, wannan ba wanda ya ji.

To nan maganar take. Jijiyoyin jini ne.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin mutum ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ba ta ajiya. Jini ya yanke mata na 'yan mintoci, ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Jijiyoyin da ke shayar da can cikinta wasu sun fi silin gashi siranta. Hawan jini ya yi ta dukansu shekara da shekaru, bangonsu ya yi kauri, hanya ta tsuke, wata ta toshe, wata ta riƙa yoyo. Ciwon suga da taba su zo su ƙara. Kowace toshewa ɗan ƙaramin bugun jini ne da ba a gani: baki bai karkace ba, hannu bai shanye ba, Baba ya tafi masallaci ya dawo lafiya lau. Sai a hankali a ga mutumin da ke lissafin buhunan kanti da ka ya tsaya yana juya canjin ɗari biyar. Tafiya ta koma jan ƙafa, fitsari ya fara kufce masa, abu kaɗan ya yi fushi ko hawaye. Ya tsaya a haka wata da watanni, sai kwatsam ya sake gangarawa.

Na san masu boko za su ce ai cutar mantuwar nan ce da ake kira Alzheimer, ba ta da magani. Eh, ita ce kan gaba a cututtukan mantuwa, amma mantuwar da ke zuwa daga lalacewar jijiyoyin jini ita ke biye mata, kuma a kan tsofaffi da yawa tare ake samunsu, ɗaya na tunzura ɗaya. A 2025 aka fitar da sakamakon wani gwaji a ƙauyukan Sin, mutum kusan 34,000. Ba manyan likitoci aka tura ba, ma'aikatan lafiya na ƙauye ne suka riƙa awon jini suna ba da ƙwayoyi masu araha. Cikin shekara 4 kamuwa da cutar mantuwa ta ragu da kashi 15 cikin 100 in aka kwatanta da waɗanda ba a yi musu hakan ba. Awo da ƙwaya da shawarar kula da lafiya kawai!

Masu cewa "in ka fara shan maganin hawan jini ba dainawa" kuma, to tuwo ma tun da ka fara ci ba ka daina ba, ban ji ka kai ƙara ba. Masu cewa ƙaddara ce, ba mu musa ba, amma ai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Tsakani da Allah, abin ba na dariya ba ne. Inda ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa, abin da ya rage ake ceto. Ku kai Baba asibiti, a auna jininsa da sugansa, a ɗora shi kan magani, wani ya riƙa miƙa masa da hannu don shi ba zai tuna ba. In ya tambayi abu sau goma, ku amsa sau goma. Ku kuma 'yan shekara 40 da 50 da ke ta dariya, naku jijiyoyin ne ake duka yanzu haka, kuma hawan jini ba ya sallama. In awo yana nuna 140 kan 90 ko sama, kar ka jira ciwon kai.

Af, wai ni kam wa ke ba masu motar lasifikar nan izinin yawo a kasuwa? Jarka ɗaya: hawan jini, basir, sanyin mara, har da farin jini. Jiya na ji wani yana rantsuwa wai kwana bakwai ka jefar da ƙwayar asibiti, kuma layi ne a gabansa har bakin kwata.